Rediyon Direbobi: Ko Si-Bi Tana da Sauran Amfani a Cikin Mota?

 

An ɗora mini in yi bayani a kan wata 'yar na'ura wadda mutanen Amurka suka sa wa suna rediyon 'yan ƙasa, suke kuma taƙaita sunan da haruffa biyu su ce Si-Bi, sa'an nan a duba ko mai mota a wannan zamani, da yake kowa yana tafe da wayar salula a aljihu, yana da sauran hujjar da zai sa ya huda jikin motarsa ya kafa mata eriya saboda ita. Mas'alar a zahirinta ƙarama ce, kuma galibinta ta mutanen wasu ƙasashe ce, amma wanda ya yi haƙuri ya bi ta daga asalinta zai tarar ta ratsa tarihin man fetur, da halin 'yan'adam idan aka ba su bakin magana ba tare da an ga fuskarsu ba, har ma da yanayin rana wadda Allah ya hore mana, domin kuwa ita ma tana da hannu a cikin al'amarin.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa, tun da malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an sauwara shi. Si-Bi 'yar'uwar oba-oba ce, irin wadda muke gani a hannun 'yan sanda da masu gadin ma'aikatu, sai dai ita ana ɗaure ta a gaban mota kusa da sitiyari, tana shan wuta daga batirin motar, kuma tana da makirufo gwargwadon dunƙulen hannu wanda aka haɗa da igiya mai lanƙwasa. A gefen makirufon akwai maɓalli: in ka danne shi kai ke magana, in ka sake shi kai ke saurare, kuma babu yadda za a yi ka haɗa biyun a lokaci guda. Tana aiki a kan megahaz 27, wato wajen mita 11 a gajeren zango, kuma masu sauraren tashoshin ƙetare tun zamanin da ake laluben mita 16 da mita 19 da yatsa sun san unguwar da nake nufi. An raba wannan zango layi-layi har 40, dokar Amurka kuma ba ta yarda ƙarfin na'urar ya wuce wat 4 ba a irin maganar da aka saba, wanda bai kai ƙarfin ƙaramin ƙwan lantarki ba. Da wannan ɗan ƙarfi, mota da mota sukan ji juna a tazarar kilomita kaɗan, a fili ta ƙaru, a tsakanin duwatsu da dogayen gine-gine ta ragu.

Asalinta kuwa, a 1945 ne hukumar sadarwa ta Amurka, wadda suke kira FCC, ta ƙudura a ware wa talakawa wani yanki na iska, bayan da Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna fa'idar ƙananan rediyoyin hannu, waɗanda wani injiniya mai suna Al Gross yake cikin magabatan masu ƙera su. Amma zangon da aka fara bayarwa, wajen megahaz 460, ya fi ƙarfin fasahar wancan lokaci, na'urorinsa suka yi tsada, kasuwarsu ba ta ci ba. Sai a 1958 aka karɓe mita 11 daga hannun masu sha'awar rediyo aka mayar wa jama'a, aka yanka shi layi 23, aka shar'anta lasisi da lambar kira, daga baya aka kuma ce kada hira ta wuce minti 5 ba a saurara wa wani ba. Shekara goma sha biyar da suka biyo baya, masu amfani da ita manoma ne, da masu gyaran famfo, da 'yan tasi, da wasu direbobin manyan motoci, kowa yana kiran gidansa ko shagonsa cikin ladabi, ba wanda ya damu da su.

Abin da ya fito da ita sarari ya faro ne daga Gabas ta Tsakiya. A watan Oktoba na 1973, wanda ya dace da Ramadan, yaƙi ya ɓarke tsakanin Masar da Sham a gefe guda da Isra'ila a ɗaya gefen, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, da Sarki Faisal na Saudiyya a gabansu, suka hana sayar wa Amurka ɗanyen mai, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Dattawan da ke cikin wannan ɗaki za su tuna cewa mu a nan Najeriya wannan tashin farashi alheri ya zame mana, har aka kai ga ƙarin albashin Udoji. To, a can kuwa layin shan mai ya haifar, da gidajen mai da suka rataya allo cewa babu. Don a rage shan mai, Shugaba Nixon ya sa hannu a farkon Janairun 1974 a kan dokar da ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyin ƙasar duka, kada ya wuce mil 55 a awa, wato wajen kilomita 89.

To, direban tirela na Amurka, musamman wanda motar tasa ce kuma bashin banki na kansa, da yawan mil ɗin da ya ci ake biyansa, saboda haka tsadar man dizal da rage gudu suka haɗu suka shaƙe shi ta fuska biyu. A nan ne Si-Bi ta zame masa laruri. Da ita yake tambayar inda ake samun mai, da ita yake sanin inda 'yan sanda suka laɓe da na'urar auna gudu, da ita kuma motoci suke jeruwa ayari guda, na gaba yana duba gaba, na baya yana duba baya. A watan Disamba na 1973 direbobi suka tare babbar hanya mai lamba 80 a jihar Pennsylvania da motocinsu, suna kiran juna ta rediyo, a watan Fabrairu na 1974 kuma aka yi yajin aiki mafi girma, alhali galibinsu ba wata ƙungiya da ta haɗa su in ba wannan akwati ba. Talakan Amurka, wanda shi ma dokar gudun ta ishe shi, ya ga waɗannan mutane a talabijin, sai suka burge shi.

Daga nan abin ya zama yayi, kuma yayi ba ya tambayar dalili. Waƙar nan ta C. W. McCall mai suna Convoy, wadda labarin ayarin tireloli ne, ta hau kan gaba a Amurka a farkon 1976. A 1977 aka fito da fim ɗin Smokey and the Bandit a kan irin wannan labari. Matar Shugaban Ƙasa ma, Betty Ford, ta ɗauki makirufo ta raɗa wa kanta laƙabi. Domin al'adar iskar ke nan, ba mai faɗin sunansa na yanka, kowa da laƙabinsa, kuma suka ƙago wani zaurance nasu wanda a cikinsa ɗan sandan hanya sunansa beyar, saboda hularsa ta yi kama da ta wani beyar da ake zanawa a tallan hana gobarar daji. Aka rage kuɗin lasisi daga dala 20 zuwa dala 4 a 1975, takardun nema suka yi wa hukuma yawa, miliyoyin mutane kuma suka sayi na'urar ba su ma nemi lasisin ba. Ingila ma, inda ake shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, sai da gwamnati ta sallama ta halatta ta a watan Nuwamba na 1981.

Mutane da yawa suna cewa wayar salula ce ta kashe Si-Bi, amma wanda ya duba tarihi da kyau zai ga tun kafin salula ta iso hannun talaka cutar ta riga ta kama ta, kuma daga cikin gida ta taso. Layin da aka yi domin 'yan dubbai, da miliyoyi suka hau shi, sai ya zama ba mai jin wani. Hukuma ta ƙara layukan zuwa 40 daga Janairun 1977, wanda ya sa na'urori masu layi 23 suka yi kwantai a kantuna, kamfanoni suka tafka asara, amma cunkoson bai ragu ba. Sa'an nan rana ta shigo. A can sama akwai wani rufi na iska wanda hasken rana yake cajinsa, ƙarfinsa kuma yana hawa yana sauka bisa wani zagaye na kimanin shekara 11, gwargwadon yawan tabon da ke fitowa a fuskar rana. Idan ya yi ƙarfi, sai ya riƙa maido da saƙon mita 11 ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita, ta yadda direba zai ji mutumin wata nahiya raɗau, alhali na bayansa da mota biyar ya nutse a cikin hayaniya. Zagayen ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1979, daidai lokacin da jama'a suka fi yawa. Wasu kuma, don muryarsu ta danne ta kowa, suka riƙa ɗaura wa na'urar injin ƙara ƙarfi na haram, mai ɗaruruwan wat ko dubbai, wasu suna ashar, wasu suna sa kiɗa, tun da ba a ganin fuska balle a ji kunya. Mutanen kirki suka kashe nasu suka jefa a sito. A 1983 hukuma ta soke lasisin ɗungurungum, kuma a cikin wannan shekara ce aka fara cinikin layin salula a birnin Chicago.

Yanzu mu zo ga zuciyar mas'alar. Masu cewa salula ta wadatar suna ƙiyasta abu biyu da illarsu ba ɗaya ba ce. Waya tana sada ka da wanda ka sani, ko da yana bangon duniya, da sharaɗin kana da lambarsa. Si-Bi kuwa tana sada ka da wanda ba ka sani ba, ba ka taɓa gani ba, ba kuma za ka sake gani ba, da sharaɗi ɗaya tak, wato yana kusa da kai a wannan sa'a. A kan hanya kuwa, mutumin da labarinsa ya fi yi maka amfani shi ne wanda ke tahowa daga inda ka nufa, domin idonsa ya ga abin da naka zai gani bayan minti biyar, kai kuma ka ga abin da ke jiransa. Lambar wayarsa ba ta hannunka, kuma ba za ta taɓa zuwa hannunka ba, domin kafin ka ɗaga kai ya wuce.

Ku sauwara direba a babbar hanyar Amurka da dare, ya kunna layi na 19, wanda al'ada ce, ba doka ba, ta mayar da shi layin direbobi. Ya hango fitilun birki sun yi ja a gabansa har iyakar ganinsa. Sai ya danna maɓalli ya ce, masu tahowa daga gabas, me ke faruwa a gaba? Kafin ya ajiye makirufon wata murya ta amsa cewa tirela ce ta kife a daidai alamar mil kaza, hannun hagu ne a buɗe, a koma hagu tun yanzu. Wani ya ƙara da cewa gadar da ke bayan wurin ta yi ƙanƙara, a sassauta. Wani kuma daga baya ya kira shi da launin motarsa ya ce masa, mai jar tirela, tayarka ta baya tana hayaƙi. Wannan na ƙarshen shi ne abin da har yau babu manhajar da ta iya, kuma direbobi da dama sun tsira da kayansu ta dalilinsa.

Ba zan ɓoye ba, manhajojin taswira sun ƙwace babban kaso na wannan aiki. Waze, wadda aka ƙirƙira a Isra'ila kuma kamfanin Google ya saye a 2013, a haƙiƙa dabarar Si-Bi ce aka zuba a cikin waya: matafiyi ya ga haɗari ko ɗan sanda, ya latsa, na bayansa ya gani. Ta wata fuskar ma ta fi, domin idan muka auna da ma'aunin malaman hadisi, labarin Si-Bi labari ne na mutum ɗaya, kuma majahuli, ba a san adalcinsa ba balle kiyayewarsa, yana iya yin ƙarya don nishaɗi kawai. Manhaja kuwa tana tambayar duk wanda ya biyo ko abin yana nan, har labarin ya kusanci tawaturi ko ya faɗi. Amma manhaja ba a yi mata tambaya ta amsa, ba ta san cewa motarka mai tsawo ce ba za ta iya kwanar da take nuna maka ba, kuma idan sabis ya ɗauke, labarinta ya tsaya a inda sabis ya tsaya. Maƙaryacin Si-Bi kuma ba ya daɗewa, tun da waɗanda suka fito daga wurin suna ji, nan take za su ƙaryata shi, galibi da kalmomin da ba za su maimaitu a wannan majalisi ba.

Sai dai duk wannan fa'ida tana rataye da sharaɗi guda, wanda masu tallan na'urar ba su cika ambata ba, shi ne a samu mai saurare. Si-Bi kamar kasuwar ƙauye take: ranar da take ci ka samu duk abin da kake nema, ranar da ba ta ci kuwa rumfunan suna nan, hanyar tana nan, amma ko allura ba za ka saya ba. Saboda haka nake ganin raunin hujjar masu cewa a saye ta domin ranar hatsari. Gaskiya ne an keɓe layi na 9 domin neman agaji, kuma akwai zamanin da 'yan sa-kai na ƙungiyar REACT, wadda aka kafa a 1962, suke kwana suna saurarensa, 'yan sandan hanya ma a jihohi da dama suna buɗe shi a motocinsu. Wannan wani nau'i ne na farillar kifaya da jama'a suka ɗora wa kansu. Amma yau masu tsaron wannan layi sun yi ƙaranci ƙwarai, wanda motarsa ta mutu a jeji ya yi ta kira a kansa yana iya kwana bai ji ko tari ba, gara ma ya koma na 19 ko Allah zai kawo wata tirela.

Ana kuma kafa hujja da ranar da turakun sadarwa suka faɗi, kuma hujja ce mai ƙarfi, domin a 2017 guguwar Maria ta kashe kimanin kashi 95 cikin 100 na turakun salula a tsibirin Puerto Rico, rediyo mai magana kai tsaye kuwa ba ruwanta da turke, batirin mota ya ishe ta. Amma muryar da ba ta wuce 'yan kilomita ba maƙwabci za ta kira maka, ba asibitin birni ba. Ga shi kuma tun 2022 an fara sayar da wayoyin iPhone masu aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam, wasu kamfanoni suna biye, wannan ƙofa ma ana rufe ta sannu a hankali.

Inda kasuwar take ci har yau, wurare ne sanannu. A Alaska akwai hanyar Dalton, wadda aka gina a 1974 domin aikin bututun mai, tsawonta kilomita 666 har zuwa Deadhorse kusa da tekun ƙanƙara, yawancinta tsakuwa ce, kuma daga garin Coldfoot zuwa ƙarshenta akwai kusan kilomita 390 da babu gidan mai. Hanyar ƙunci gare ta, ga hawa ga gangara, ga tireloli masu nauyi waɗanda in sun sako daga tsaunin Atigun ba sa tsayuwa don an ɗaga musu hannu. Direbobinta sun saba, in sun doshi wata kwana ko tudu da ba a ganin bayansa, sai su faɗi sunan wurin da inda suka nufa a layi na 19, don na ɗaya gefen ya rage gudu ko ya raɓe ya jira. Hukumomin da ke kula da yankin suna shawartar baƙo ya tafi da Si-Bi, kuma a irin wannan hanya ni ina ganin barinta sakaci ne da rai.

A Ostareliya kuwa, da suka ga illar mita 11, sai suka buɗe wani zango a megahaz 477, wanda rana ba ta dagula shi kuma eriyarsa gajeriya ce, suka kai layukansa 80 a 2011, suka kafa tashoshin maimaita saƙo a kan tuddai don murya ta yi nisa. A hanyoyin hamadarsu akwai tireloli masu jan bodi uku, tsawon wasu ya haura mita 50, kuma mai ƙaramar mota da yake son wuce irin wannan, cikin ƙura, hankali shi ne ya kira direban a layi na 40 ya tambaye shi ko gaba a buɗe take. A Folan da Rasha ma direbobi ba su saki abarsu ba, Rashawa a layi na 15 suke taruwa. Jamusawa kuma suka yi wata hikima: a wasu jihohinsu, motar da ke tsaye tana kare ma'aikatan gyaran hanya tana ɗauke da na'urar da ke watsa gargaɗi ta Si-Bi cikin harsuna da dama, saboda direban da ya taso daga wata ƙasa, wanda gyangyaɗi ya fara ɗauka, ya ji a harshen uwarsa cewa akwai haɗari a gabansa.

Akwai kuma masu amfani da ita domin sana'a kawai, ba hira: motocin rakiya da ke gaba da bayan kaya mai faɗi, da wuraren fasa dutse, da rumbunan hatsi da manyan sito-sito, inda za ka ga allo a bakin ƙofa an rubuta layin da direba zai kira mai sikeli. Doka ma ta taimaka mata, domin tun Janairun 2012 an haramta wa direbobin manyan motoci a Amurka riƙe salula a hannu suna tuƙi, amma haramcin bai haɗa da makirufon Si-Bi ba. Hukumar FCC ma ba ta yi watsi da ita ba, tun da a 2021 ta halatta mata magana ta FM, wadda ta fi tsabtar sauti.

Wanda ya yi niyyar sa ta, ya sani cewa akwatin shi ne mafi sauƙin al'amarin, wahalar tana ga eriya. Tun da zangon mita 11 ne, cikakkiyar eriya rubu'insa ce, wato tsumagiyar ƙarfe mai tsawon fiye da mita biyu da rabi, wadda za ta riƙa dukan rassan itatuwa da rufin gareji. Gajerun da ake sayarwa an naɗe musu waya ne a gindi ko a tsakiya don a cike gibin, kuma duk abin da aka rage na tsawo an rage shi ne daga nisan murya. Sa'an nan ƙarfen jikin motar shi ne rabin eriyar na biyu, shi ya sa tsakiyar rufi ya fi ko'ina, gindin bamba kuwa ya fi ko'ina muni. Bayan an kafa, sai a kawo wani ɗan ma'auni mai allura a saƙala tsakanin akwati da igiyar eriya, a fita fili nesa da gini, a rufe ƙofofin mota, a danna maɓalli a layi na 1 a duba allura, a koma na 40 a sake dubawa. In ta fi tashi a na 40 eriya ta yi tsawo, sai a kwance ɗan kusa a tura tsumagiyar ciki gwargwadon faɗin farce, in kuwa a na 1 ta fi tashi sai a jawo ta waje, a yi ta yi har allurar ta kwanta ƙasa da 2. Wanda ya ƙyale ta sama da 3, ƙarfin da ya kamata ya fita iska zai riƙa komowa cikin akwatin har ya ƙone shi. Yawancin masu cewa sun gwada Si-Bi ba ta da amfani, a wannan mataki suka yi gaggawa.

Motocin zamani kuma ba su yi mata adalci ba. Gabansu ya cika da allo, babu gurbin akwati. Wasu jikinsu alminiyam ne, kamar Ford F-150 tun daga ƙirar 2015, eriya mai gindin maganaɗisu ba ta kama shi. Masu aiki da lantarki kuma injinsu yana haifar da ƙara a cikin rediyo, har wasu kamfanoni suka cire tashar AM daga irin waɗannan motoci. Masu tafiya ayari domin yawon jeji a Amurka, waɗanda dā su ne rukuni na biyu bayan direbobin tirela, da yawansu sun koma wani tsari da ake kira GMRS, a wajen megahaz 462, mai eriya kamar tsawon tafin hannu da ƙarfi har wat 50, lasisinsa dala 35 na shekara 10, ya kuma game iyali duka.

Hukuncin da na fahimta, kuma Allah ne mafi sani, shi ne ya sassaɓa gwargwadon mai tambaya da hanyar da yake bi. Ga direban doguwar tafiya a ƙasar da abokan sana'arsa suke saurare, kayan aiki ce kamar jak da safaya, kuma kuɗinta bai kai na taya guda ba. Ga mai ƙaramar mota da yake yawan bin manyan hanyoyi tare da tireloli, mustahabbi ce, in zai iya jure abin da kunnensa zai ji, kuma ba na ba da shawarar a buɗe ta da yara a mota. Amma mutumin birni, wanda tafiyarsa daga gida ce zuwa ofis, in ya saya, sha'awa ya saya, sha'awa kuwa halal ce matuƙar bai kira ta larura ba.

Saura abin da na san yana ran wasunku, wato hanyoyinmu na nan gida. Buƙatar da ta haifi Si-Bi muna da ita, har ma fiye, kuma direbobinmu sun daɗe da yi mata dabara: mai tahowa ya ƙyafta maka fitila, ko ya juya hannu ya nuna maka ka koma, wanda motarsa ta lalace ya karyo ganye ya jera a kan kwalta. Mun kuma ɗanɗani rashin sabis, domin a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Amma ina jan hankalin mai sha'awa ga abu biyu. Iskar Si-Bi a buɗe take, ba ta da sirri ko kaɗan, abin da direba ya gaya wa direba ɗan fashi ma yana ji in ya mallaki akwatin, yana kuma iya sa baki ya ce hanya lafiya lau alhali shi ne a kanta. Na biyu, na'urar aika saƙo ta iska a ƙasar nan sai da izinin hukuma, kuma wanda aka tsayar a shingen bincike da oba-oba a gaban mota, babu takarda, zai yi dogon bayani. In har za a yi, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai dai ƙungiyoyin direbobi da masu motocin haya su nemi izini a jam'ance, su yi ittifaƙi a kan layi guda, su kuma sa wanda zai riƙa saurare a tashoshin da ke kan hanyar.